Linzami Daban, Turke Daban: Tarihin Yadda Aka Hana Injin Tabain Gudun Halaka

 Yau tarihin inji za mu taɓa, amma kada wanda ba makanike ba ya gudu, domin maganar ta shafi duk mai hawa jirgin sama da duk mai zaman jiran a kawo wuta.

Mu fara daga abin da kowa ya sani. Idan janareta na aiki aka jona dutsen guga, za ka ji ƙararsa ta yi ƙasa kamar an shaƙe shi, kafin ka ankara ta koma daidai. In aka cire gugar sai ya ɗan zabura, sannan ya natsu. Babu wanda ya taɓa totur. Wani ɗan ƙarfe ne a ciki, wanda makanikai ke kira gwamna, yake ƙara mai in kaya ya yi nauyi, ya rage in an sauke. Wannan aikin da gwamna ke yi wa janaretan shago shi ake buƙata a injin da ke tura jirgin sama, da injunan tashoshin da ke ƙona iskar gas, waɗanda su ke ba Najeriya mafi yawan wutarta. Bambancin shi ne, in gwamnan janareta ya kasa, kwan fitila da talabijin ne za su ƙone. In na wancan ya kasa, rufin tasha ne zai tashi.

Abin da tarihin nan ke nunawa abu ɗaya ne. Sai da aka yi asarar injuna da rayuka kafin a yarda cewa wanda ke riƙe linzami daban, wanda zai tsayar da doki ranar da ya ƙwace kuma daban.

YADDA INJIN YAKE

Injin da muke magana a kansa shi ne tabain mai aiki da wuta. Sassa uku gare shi. A gaba akwai kwamfireso, jerin fankoki da ke zuƙar iska su matse ta. A tsakiya akwai murhu, inda ake fesa mai ko gas cikin matsattsiyar iskar, wuta na ci ba ƙaƙƙautawa. A baya kuma akwai tabain ɗin kansa: faya-fayen ƙarfe masu kauri, kowanne an kewaye bakinsa da ƙananan fukafukai. Iskar mai zafi ta bugi fukafukan, faifan ya juya. Sanda guda ta ƙarfe, wato shaf, ta haɗa tabain da kwamfireso, don haka na baya ne ke juya na gaba.

Abu biyu za mu riƙe kafin mu shiga labari. Na farko, kwamfireso macin rabo ne: fiye da rabin ƙarfin da tabain ke samarwa shi yake lanƙwamewa, ragowar ce ke zuwa ga janareta ko tura jirgi. Na biyu, duk wanda ya yi wasa da majajjawa yana yaro ya san iya saurin juyi iya yadda dutse ke fizgar igiya. Sai dai fizgar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun, gaba take yi. In gudu ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, ƙarfin da ke neman yaga faifan zai ƙaru da kashi 21. In ya ƙaru da kashi 20, sai ya zama kashi 44. In gudu ya ninka biyu, fizga ta ninka huɗu. Ana ƙera murfin injin jirgi yadda zai iya tare fiffike ɗaya in ya ɓalle, amma babu murfin da zai iya tashi sama kuma ya tare faifan da ya fashe. Shi ya sa dabara ɗaya ce kawai: kada a bari ya kai gudun fashewa.

DAGA INJIN NIƘA ZUWA INJIN TURURI

Gwamna ya girmi tabain nesa ba kusa ba. Masu injunan niƙa da iska ke juyawa a Ingila sun riga sun san amfani da ƙwallayen ƙarfe masu lilo don daidaita tazarar duwatsun niƙa. A 1788 James Watt ya ɗauko dabarar ya ɗora ta a kan injinsa na tururi. Ƙwallaye biyu ne a rataye jikin wata sanda da injin ke juyawa. In gudu ya ƙaru sai su buɗe su yi sama, su ja wani hannu ya rage bawul ɗin tururi. In gudu ya ragu sai su sauko, bawul ya buɗe. Inji ya koma yana yi wa kansa linzami.

Amma an lura wasu gwamnonin ba sa natsuwa: su rufe fiye da kima, gudu ya faɗi, su buɗe fiye da kima, gudu ya haura, haka nan inji zai yi ta hawa da sauka. Duk mai tsohon janareta ya san wannan hakin. A 1868 masanin lissafi James Clerk Maxwell ya gabatar da maƙala kan dalilin haka, kuma ana lissafa ta cikin tushen ilimin sarrafa na'urori na yau.

Injin Watt a hankali yake juyawa, juyi 'yan gomiya a minti. Lissafi ya canza da zuwan tabain mai aiki da tururi. Wanda Charles Parsons ya ƙera a Ingila a 1884 yana juyi 18,000 a minti, wasu daga cikin na Gustaf de Laval ɗan ƙasar Suwidin kuwa sun kai 30,000. A irin wannan gudu, kafin mai gadi ya miƙa hannu ga bawul aikin gama ya gama.

Saboda haka masu ƙera tabain na tururi suka ƙara mai tsaro na biyu, wanda babu ruwansa da daidaita gudu. Wata ƙusa ce mai nauyi da ake dasawa a cikin shaf, nauyinta ya ɗan karkata gefe guda, sifirin mai ƙarfi ya riƙe ta. Shekara da shekaru tana nan kwance. Ranar da gudu ya kai kimanin kashi 110 cikin 100, sai majajjawa ta fi ƙarfin sifirin, ƙusar ta leƙo waje ta bugi wani maƙalli, man da ke tokare da babban bawul ya zube, wani sifirin ya banko bawul ɗin ya rufe. A lura da hikimar: mai ne ke riƙe ƙofa a buɗe, sifirin ne ke rufewa. Ko famfo ya mutu ko bututu ya fashe, ƙofar rufewa za ta yi. Wannan ne gadon da tabain mai aiki da wuta ya tarar.

RANAR DA INJI YA ƘI JIN MAGANA

Ranar 12 ga Afrilu, 1937, a masana'antar British Thomson-Houston da ke garin Rugby a Ingila, wani hafsan sojan sama ɗan shekara 29 mai suna Frank Whittle ya tsaya gaban injin jet na farko da ya ƙera. An juya shi da mota mai aiki da lantarki, aka kunna wuta, Whittle ya buɗe bawul ɗin mai. Nan take injin ya zabura da wata irin ƙara mai hawa, jikin murhun ya fara yin ja. Whittle ya rufe bawul ɗin ruf. Injin bai saurara ba, ya ci gaba da hawa har wajen juyi 8,000 a minti. Ma'aikatan da ke wurin, waɗanda suka san abin da faifan tabain ke yi in ya fashe, kowa ya yi ta kansa. Can sai gudun ya fara sauka don kansa. Da aka sake gwadawa, haka aka kuma.

Daga baya aka gano dalili, kuma ba wani abin mamaki ba ne. Duk lokacin da ake gwada famfon mai kafin a tayar da injin, mai na ɗiga yana taruwa a ƙasan murhu. Da wuta ta kama sai ta tarar da tafki. Bawul ɗin da ke hannun Whittle ba shi da iko da man da ya riga ya wuce shi.

Injin bai fashe ba, domin an tsara shi ya yi juyi 17,750, kuma man ya ƙare kafin ya kai can. Amma darasin ya zauna: rufe ƙofa ba ya maganin abin da ya riga ya shiga ɗaki. Shi ya sa har yau ake sa wa waɗannan injuna mazubar da ke tsiyaye man da bai ƙone ba, ake hura iska ta wanke cikinsu kafin a kunna, kuma ake dasa bawul ɗin gaggawa kusa da murhu iya yadda zai yiwu, don kada bututun da ke tsakani ya zama rumbun ajiya.

ƘASA DA SAMA

Shekara biyu bayan haka, a 1939, kamfanin Brown Boveri ya kafa tabain mai aiki da wuta na farko da ya ba gari lantarki, a Neuchâtel ta ƙasar Suwizalan. Yana juyi 3,000 a minti. Tabain ɗin na samar da kimanin kilowat 15,400, kwamfireso na cinye 11,400, saura 4,000 su tafi ga janareta. Ya yi aiki har 2002. Waɗannan alƙaluma sun nuna wata sa'a da irin wannan inji ke da ita. In layin wuta ya katse, janareta ya rasa kaya, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na nauyin ya sauka, kwamfireso na nan maƙale kamar birki. Amma injunan da ke da tabain na biyu mai zaman kansa, irin na jirgi mai saukar ungulu da na tashoshin tura gas a bututu, ba su da wannan gata. In kayansu ya suɓuce babu abin da ya rage a jikin shaf, don haka tsaronsu ya fi tsanani.

A sama kuwa matsalar ta zo da wata fuska. Jirgin yaƙin Jamus Me 262, wanda ya shiga fagen daga a 1944, yana da injin Jumo 004 mai juyi 8,700 a minti. Yana da gwamna, amma a ƙasa da juyi 6,000 hannun matuƙi ne ke aikin. In ya tura totur da gaggawa, mai ya fi iska yawa, zafi ya ci fukafukai ko wutar ta mutu. Dole sai an lallaɓa shi. Matuƙan Amurka da Ingila suka gane haka, suka riƙa yi wa jirgin kwanton ɓauna a lokacin tashi da sauka, sa'ar da ba ya iya zabura.

Ke nan gwamnan wannan inji tafiya yake a kan siririyar hanya mai rami ta kowane gefe. Ya ƙara mai da sauri, kwamfireso ya shaƙe ya amayo iska baya. Ya rage da sauri, wuta ta mutu. Ga iyakar zafi, ga iyakar gudu. Daga shekarun 1950 aka riƙa ƙera wani akwatin ƙarfe cike da fistan da sifirin da zakarun juyi, yana auna gudu da matsin iska da zafinta, yana yanke adadin man da ya dace komai gaggawar matuƙi. A tsakiyar akwatin kuwa, ƙwallayen Watt ne aka ƙanƙance. Waɗanda suka hau Boeing 737 na Nigeria Airways daga Kano a shekarun 1980, irin wannan akwati ne ya kai su ya dawo da su.

IN RIJIYA ƊAYA AKE SHA

Babban darasi na gaba daga tashoshin tururi ya zo, kuma masu tabain na gas sun karanta shi da kyau, tunda dokar majajjawa ɗaya ce. A Janairun 1956, a tashar Uskmouth da ke yankin Wales a Birtaniya, wani inji mai megawat 60 ya rabu da layin wuta. Yana da gwamna, yana da tsaron gaggawa. Amma bawulolin biyun duk man jiki ɗaya ke motsa su, ruwan gishiri kuma ya daɗe yana shiga man, baƙar tsatsa ta taru ta maƙale su a buɗe. Injin ya yi ta hawa har ya tarwatse, ɓaraguzansa suka fasa gini suka faɗa nesa. Mutum biyu suka mutu, wasu suka jikkata. A takarda masu gadi biyu ne, a zahiri kuwa rijiya ɗaya suke sha, da ta gurɓata sai ta kwantar da su tare.

Maganin da ya bayyana shi ne a raba su, kuma a riƙa gwada na gaggawar, tunda abin da ke kwance shekaru ba a san lafiyarsa sai an tashe shi. Sai dai gwajin ma na da nasa haɗarin. A Nuwamban 1991, a tashar Salem da ke New Jersey a Amurka, ana cikin gwaji an riƙe tsaron ƙarfe da hannu kamar yadda tsarin gwajin ya tanada, sai bawuloli uku na lantarki da aka dogara da su suka ƙi motsi. Injin ya kai kusan kashi 160 cikin 100 na gudunsa, ya lalace, gobara ta tashi. A Fabrairun 2011 kuma, a tashar Duvha ta Afirka ta Kudu, inji mai megawat 600 ya tarwatse ana tsakiyar gwajin tsaron gudu. Aibin ƙusar nan ke nan: hanyar tabbatar da cewa za ta fito a kashi 110 ita ce a kai injin can bakin ramin a gani.

IN SANDA TA KARYE

Akwai nau'in gudun da ya fi kowanne muni, wanda gwamna ba ya ma gani. In shaf ya karye a tsakiya, tabain ya rabu da kwamfireso ko fankar da yake ja, alhali iska mai zafi na ci gaba da dukansa. Duk nauyinsa ya sauka lokaci guda. Abin takaici, in a gaban injin ake auna gudu, ma'aunin zai ce gudu raguwa yake, domin ɓangaren gaba ya rasa mai juya shi, yayin da na baya ke tseren mutuwa.

Ƙasar Foland ta ɗanɗana wannan sau biyu. Ranar 14 ga Maris, 1980, jirgin kamfanin LOT samfurin Il-62 da ya taso daga New York yana shirin sauka a Warsaw, sai fitilar da ke nuna fitar tayoyi ta ƙi kamawa. Matuƙi ya ƙara wuta don ya sake zagayowa. Shaf ɗin injin na biyu, wanda ke da aibi tun daga masana'anta, ya karye, faifan tabain ya fashe, gutsattsarinsa suka yanke sandunan da ke sarrafa wutsiyar jirgin. Duk mutum 87 da ke ciki suka rasu. Ranar 9 ga Mayu, 1987, wani Il-62M na kamfanin ya tashi daga Warsaw. Wani boris da aka sa wa ƙwayoyi 13 a maimakon 26 ya ci, ya yi zafi, shaf ya rabu, faifai ya fashe. Jirgin ya juyo amma bai kai fili ba, ya faɗi a dajin Kabaty, mutum 183 suka halaka.

Masu ƙera injuna sun bi hanyoyi daban-daban don tare wannan. A wasu injunan Rolls-Royce an sa wata dabara ta ƙarfe zalla: da zarar gaban shaf da bayansa sun saɓa juyi, wata waya za ta fizgu ta rufe mai nan take. Wasu kuma an tsara su yadda matsin iska zai tura tabain ɗin da ya ɓalle baya, fukafukansa su ci karo da tsayayyun fukafukai su kakkarye. Faifan da ba shi da fukafukai iska ba ta da abin kamawa. Injin ya lalace, amma jirgi ya tsira. Dokar jiragen sama ta Amurka ma, cikin sharuɗɗanta, ta ce dole faifai ya jure kashi 120 cikin 100 na iyakar gudunsa har minti biyar bai fashe ba.

SHAIDU UKU

Zuwan lantarki da kwamfuta ya sauya yadda ake auna gudu. A maimakon ƙwallaye da ƙusa, sai aka sa faifai mai haƙora a jikin shaf, da ƙananan na'urorin maganaɗisu da ke ƙirga haƙoran suna wucewa. Amma na'ura ma tana ƙarya. In guda ɗaya ce, wata rana za ta kashe inji lafiyayye, wata rana ta yi shiru inji na gudun halaka. Sai aka koma ga shaidu uku, hukunci na biyun da bakinsu ya zo ɗaya. A farkon shekarun 1980 kamfanin General Electric ya fito da Speedtronic Mark IV, mai kwamfutoci uku da ke ƙuri'a kan kowane mataki. A 1984 jirgin Boeing 757 mai injin PW2000 ya fara jigilar fasinja, kwamfuta ce gaba ɗaya ke riƙe da man injinsa, tsarin da ake kira FADEC, mai layi biyu, in ɗaya ya kasa ɗayan ya karɓa.

Ba a manta da Uskmouth ba. Ƙa'idar API 670, ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka, ta ce na'urar tsaron gudu ta zama mai zaman kanta, kada ta jingina da kwamfutar da ke tafiyar da injin, ta yi aiki da ƙuri'ar biyu cikin uku, kuma ta ba da umarnin rufewa cikin kashi 40 cikin 1,000 na sakan. Ga injin da ke juyi 3,000 a minti, wannan juyi biyu ne kacal. Wata ribar kuma, ana iya gwada ta ta hanyar aika mata siginar gudun ƙarya ko saukar da iyakarta, ba sai an kai injin bakin rami ba.

DUK DA HAKA

Ranar 4 ga Nuwamba, 2010, jirgin Qantas samfurin A380 ya tashi daga Singafo zuwa Sydney da mutum 469. 'Yan mintuna bayan tashi, a saman tsibirin Batam na Indunusiya, injinsa na biyu ya fashe. Binciken hukumar Ostireliya ya gano wani ɗan bututun mai da aka huda a karkace tun a masana'anta, gefe ɗaya ya yi siriri. Ya tsage, mai ya fesu inda ke da zafi, wuta ta kama, ta raunana wuyan da ke haɗa faifan tabain na tsakiya da shaf ɗinsa. Faifan ya rabu, ya zabura, cikin 'yan sakanni ya fashe. Gutsattsarin suka huda fiffiken jirgin da tankin mai, suka yanke ɗaruruwan wayoyi. Kyaftin Richard de Crespigny da abokan aikinsa suka yi kusan awa biyu suna fama kafin su sauke jirgin a Singafo, babu wanda ya rasa ransa. Bayan haka Rolls-Royce ya ƙara wa kwamfutar injin manhajar da ke gane alamun irin wannan rabuwa ta yanke mai kafin faifai ya kai gudun fashewa.

Akwai ƙarashen labarin da ba a cika faɗa ba. Da jirgin ya tsaya, injin na ɗaya, wanda lafiyarsa ƙalau, ya ƙi mutuwa, saboda wayoyin da ke kai umarni ga bawulolinsa na cikin waɗanda aka yanke. Ga mai na zuba daga fiffike, ga birki ya yi zafi, ga fasinja a ciki. Sai da 'yan kwana-kwana suka yi ta ɗura masa ruwa da kumfa, ya mutu kimanin awa uku bayan sauka. Shekara 73 bayan Rugby, ga mutum ya rufe mai, ga inji na ci gaba da juyawa.

INDA TA SHAFE MU

Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a sakan, don haka manyan injuna irin ukun Siemens da aka buɗe tashar Geregu da su a 2007, kusa da Ajaokuta a Jihar Kogi, juyi 3,000 suke yi a minti. Duk injunan da ke kan layin ƙasa a ɗaure suke da juna, kamar mutanen da suka ɗauki gungume ɗaya. Akan saita gwamnan kowannensu ya yarda gudu ya ɗan sauka, kimanin kashi 4 cikin 100 tsakanin babu kaya da cikakken kaya, don su raba nauyi daidai ƙarfinsu a maimakon su yi ta ja-in-ja.

Ranar da muka ji an ce babban layin ƙasa ya faɗi, abin da ke faruwa a tasha shi ne an fizge wa inji kayansa yana tsakiyar ja. Aikin gwamna ne ya rage gas da sauri ya kama shi kafin ya kai juyi 3,300. In bai kama ba, mai tsaro na biyu ya rufe gas baki ɗaya. Mu a gida duhu muke gani, kuma muna da dalilin yin ƙorafi kan yawan faɗuwar layin. Amma shi wannan rufewar ba ita ce cutar ba. Injin da ya kashe kansa gobe ana iya tayar da shi. Wanda ya fashe, sai an yi watanni ko shekaru ana neman kuɗi da kayan gyara, in ma ba a yi jana'iza ba.

Muna da makanikai da masu gyaran wuta da masu kula da injunan kamfanoni a cikinmu, kuma mun san abin da ake yi. Fiyus ya cika ƙonewa, a naɗa masa waya. Gwamna na haki, a ɗaure shi da roba. Na'urar tsaro na yawan kashe inji, maigida na faɗa aiki ya tsaya, a zagaye ta "zuwa gobe", goben da ba ta zuwa. Kowane ɗaya daga cikin abubuwan tsaron da muka lissafa a sama, akwai ranar da aka biya kuɗinsa, wani a Uskmouth, wani a dajin Kabaty. In mai gadi ya cika ihu, a nemi abin da yake gani, ba a toshe masa baki ba. Kuma a tashe shi lokaci-lokaci a tabbatar yana da rai, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Waɗanda suka taɓa ganin injin niƙa ko na babbar mota ya ƙwace ya ƙi mutuwa, muna son jin yadda aka yi aka tsayar da shi. Sai mako mai zuwa.